Notin Injin Gwaggo Ige

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna ji a gidan nan, ana faɗinta ana dariya: wai shekarar da injin ban-ruwa na Gwaggonku Ige ya tsaya, ni na riƙe shi ina wasa da ƙarafuna har shinkafarta ta ƙone. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma da na ji ta a bakin jikokina sai na ga gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya jera shi. Kada ku karanta da fargaba. Shinkafar ta yi, an ci, an kai wa dangi. Sai dai har yau idan na tuna irin gaɓar da muka tsaya a kanta, ajiyar zuciya nake yi in ce alhamdu lillahi.

Kun san ni ba bakanike ba ne. Fatauci na yi, goro da farko, daga baya atamfa, kuma shi ya kai ni Kumasi da Abijan da Kwatano da Yamai, har Bar Sudan da Jidda. A kowane gari, idan abokan tafiya suka nufi wurin shayi, ni sai in nufi layin masu sassaƙa ƙarfe in sami benci in zauna. Yadda ƙarfe ke juyawa a inji, wuƙa tana fere shi yana zubar da ɓawo kamar ana fere rogo, abin bai taɓa isata ba. Da Dandanci da Faransanci da Turanci da ɗan Larabcin kasuwa na yi ta tambayarsu, wasu su amsa, wasu su kore ni. Da ƙafa ta gaji na dawo Bagudo, sai na taho da wani tsohon injin sassaƙa da na saya a Kumasi, na gina masa ɗaki a bayan gida. Ba sana'a ba ce, ban taɓa kafa allo a ƙofa ba. Ina gyara marfin buta, ina yi wa kekunan ɗinki ƙananan ƙarafa, ina ɓata lokaci. Uwarku Hajiya Luba ita ta raɗa wa wurin suna, ɗakin wasan tsoho.

Abin da na koya a waɗancan bencina, wanda ya shafi wannan labari, shi ne noti ba ɗaya ba ne. Haƙoran nan da suka nannaɗe jikinsa, kowace ƙasa da irin tazarar da take ba su. Bafaranshe da milimita yake aunawa, Bature na Ingila da inci. Mu mutanen bakin iyaka mun san wannan fiye da mutanen cikin ƙasa, domin kayan ɓangarorin biyu muke amfani da su. Sai dai mun mayar da sanin ya zama doka mai sauƙi: abin da aka sayo a ƙetare na milimita ne, abin da aka sayo a gida na inci ne. Ba a tambayar inda aka ƙera abu, inda aka saye shi ake tambaya.

Ige ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu ya bar mata gona a fadamar bakin Kwara da wani tsohon inji mai shan gas, mai babban wili a gefe, wanda ake tayarwa da hannu. A kasuwar Malanbil, can ƙetaren iyaka, marigayin ya saye shi, na hannu, an shafe shi da koren fenti an yi rubutun Faransanci a jikin tankinsa. Gonar tana kan tudu-tudu, nesa da ruwa, ƙananan injuna masu fetur ba sa iya tura ruwa ya kai ta, sai wannan tsohon. Ita da babban ɗanta Sahabi, wanda a lokacin ya riga ya yi iyali, suka zuba duk abin da suke da shi a shinkafar rani ta wannan shekara. Ana tsakiyar zafin bazara, shinkafa ta yi ciki tana shirin fitar da kai, lokacin da ba ta haƙurin ƙishirwa, sai notin da ke danne nozul a kan injin ya kwance saboda girgiza. Nozul ita ce mai fesa gas a cikin injin, idan ba a danne ta ba inji ba ya tashi. Notin ya yi tsalle ya faɗa cikin laka, suka tona har suka gaji ba su gan shi ba. Shi kaɗai ne irinsa a jikin injin. Sauran ko sun fi shi kauri, ko sun fi shi siranta, ko wani mai gyara ya riga ya huda raminsu ya canja su.

Ba su zo wurina da farko ba. Inji na ƙetare, sai bakanike na ƙetare. Sahabi ya hau babur ya ɗauko wani Saini, Badande mai gyaran injunan ruwa, mutumin kirki wanda ya san aikinsa, ya zo da notinan milimita cike da gwangwani. Da hantsi Ige ta aiko a kira ni, ba don gyara ba, don in yi tafinta, saboda Hausar Saini ba ta da yawa. Na tarar ya zaɓi noti mai milimita goma sha biyu ya sa a ramin. Ya shiga da yatsa, ya ɗan juya, ya cije. Saini ya ɗauko sifana ya zura mata guntun bututu don ƙarin ƙarfi. Na riƙe hannunsa, na tambaye shi da Dandanci me zai yi.

Ya ce, “Tsatsa ce, Baba Alhaji. In na matsa zai buɗe hanyarsa.”

Na ce, “Tsatsa tun daga baki take cijewa. Wanga ya shiga da daɗi sannan ya tsaya. Ba gidansa ba ne.”

Ige tana tsaye da mayafi a ka, ta ce, “Mi kuke ta gunaguni? Yaya, tafinta munka kira ka, ba alƙalanci ba.”

Na fassara mata, na ƙara da nawa. Kan injin nan ƙarfen zubi ne, irin na tukunya, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Idan aka tura noti da ƙarfi, ko dai haƙoran ramin su zube, ko kan ya tsage. In ma ya riƙe yau, ƙarfin da ke cikin injin yana iya cillo nozul ɗin kamar harsashi, kuma Sahabi ne ke tsayawa a kansa yana juya hannun tayar da injin. Irin wannan kan injin kuwa ba a sayar da shi a Kamba ko Birnin Kebbi, ban ma san inda za a nemo shi ba. Saini bai yi musu ba. Ya ce abin da na faɗa yana faruwa, amma shi ya sha matsawa ya zauna lafiya, kuma shinkafa ba ta jira. Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Ige ta dube shi, ta dube ni. Ni ne babba, ba ta iya tsallake maganata a gaban baƙo. Aka kwance kan injin aka ɗaura a bayan babur zuwa gidana. Saini ya tattara gwangwaninsa, ya ce mata “Kala suru,” wato sai haƙuri, ya kama hanyar Lolo ta bakin iyaka.

Da na wanke kan da kananzir na kankare fentin, sai ga wasu haruffa na Turanci a jikin zubin, sun kusa shafewa. Ashe injin ba na Faransa ba ne. Irin waɗanda aka ƙera a Indiya ne a kan tsarin Ingila, ya sauka a tashar Kwatano, ya zaga hannuwa, wani ya yi masa fenti. Na ji daɗi, na ce magana ta ƙare, na inci ne. Na auna bakin ramin, rabin inci. Na tura Sahabi Birnin Kebbi ya sayo notin rabin inci, tafiyar da ta cinye masa yini. A wannan tsakani maƙwabtan gona suka taimaka, suka haɗa ƙananan injuna biyu, ɗaya na miƙa wa ɗaya, suka jiƙa gefen gangare. Amma kowa da tasa shinkafar mai ƙishirwa, ba za su iya kullum ba, kuma ruwan bai hau tudu ba.

Sahabi ya dawo da noti sabo fil, yana ƙyalli. Na sa shi da yatsa. Ya shiga, ya wuce inda na Saini ya tsaya, har na fara murmushi. Sai ya cije.

Na fitar, na goge, na sa mai, na sake. Nan dai ya tsaya. Sahabi mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ranar ya ce:

“Kawu, na Faransa bai shiga ba, na Ingila bai shiga ba. To na wace ƙasa ya rage? Na aljannu?”

Na fitar da notin na ajiye a tebur. Washegari da sassafe Ige ta zo da kanta. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta buɗe bakin zanenta ta zube mini ganyen shinkafa a kan teburin aiki, duk sun naɗe kamar tsinke, bakinsu ya yi fari.

Ta ce, “Ga aikinka nan. Ƙasa ta fara tsagewa a tudu. Ba ni kan injina in aika a kira Badanden.”

Na ce, “Ige, ki ba ni zuwa la'asar.”

“Kai kana da shago a kasuwa, kana da ɗiya masu aiko maka. Ni wannan shinkafa ita ce shagona, ita ce ɗiyana. In ta mutu, wasa ka yi. Ni kuwa shekara ta mutu mini.”

Hajiya ta fito daga madafa tana cewa, “Haba Ige, ki zauna mana,” amma da ganin fuskarta na san a wannan magana tana bayan Ige. Na ce idan la'asar ta yi ban gama ba, ni da kaina zan ɗauki kan injin in kai wa Saini. Ige ta tafi ba sallama. Wannan shi ne hukuncin da na yanke, kuma ina so ku san na yanke shi ina sane da cewa kowace sa'a ana biyanta da shinkafar da ba tawa ba.

Na zauna da ramin a gabana. Matsalar ita ce haƙoran suna ciki, ido ba ya kai musu balle rula. Ina da wani ɗan mataji na ƙarfe da na saya a Abijan, mai ganye-ganye, kowane ganye da tazararsa, ana ɗora shi a kan haƙora a ga wanda ya zauna. Amma na milimita ne, kuma a cikin rami mai duhu ba ka ganin ko ya zauna ko bai zauna ba. Sai na shiga tuna yadda na ga ana yi a wasu wurare. A Bar Sudan na ga wani tsoho ya narka darma ya zuba a rami, ta daskare, ya murzo ta da siffar haƙoran a jikinta. Ba ni da darma. A Kumasi na ga an yi da sabulu. Na gwada sabulun salo, zafin garin nan ya mayar da shi kamar man shanu, ya fito a dame. Na gwada kyandir, ya farfashe. Abin da nake bukata itace ne mai laushin da zai karɓi shaida, mai ƙarfin da zai riƙe ta. Na leƙa tsakar gida, sai na hango sabon maburgin Hajiya a kife a kan kwando, itacensa bai gama bushewa ba. Na ɗauka na yanke masa gindi.

Ta hango ni ta ce, “Alhaji! Maburgina? Jiya-jiya na saye shi!”

Na ce, “Aro na yi.”

“Aron da ake yi da zarto? To yau miyar kuka da yatsanka za ka burga ta.”

Na fere guntun ya ɗan fi ramin kauri, na shafa masa man gyaɗa, na murza shi ciki a hankali har ya taɓa ƙasa, na murzo shi waje. Ya fito da haƙora a jikinsa reras, kamar an zana. Na shafa musu baƙin tukunya don su fito sosai, na ɗora rula. Amma idona, ko da tabarau, layukan sai su riƙa haɗewa. Dole na kira mai maburgin. Ta zo tana goge hannu, tana cewa an yanka mata kaya kuma an sa ta aiki. Na nuna mata inda inci ya fara da inda ya ƙare, na ba ta allura ta bi da ita.

Ta ƙirga ta ce, “Sha uku.”

Notin da Sahabi ya sayo ma sha uku ne a inci, na riga na ƙirga nasa. Idan ramin ma sha uku ne, to haƙoransa sun lalace ke nan, kuma na ɓata wa Ige kwanaki a banza. Na ce ta nuna mini yadda ta ƙirga. Sai na ga ta fara da haƙorin da ke daidai kan farkon rula, ta kira shi ɗaya.

Na ce, “Hajiya, ba sandunan shinge za ki ƙirga ba, tazarar da ke tsakaninsu. Na farkon nan ƙofa ce, ki tsallake shi.”

Ta ce, “Da ka faɗa tun farko.” Ta sake bi da allura, bakinta na motsi. “Sha biyu.”

“Sake.”

“Sha biyu, Alhaji. Ko sau nawa za ka sa ni, ba za su haihu ba.”

Sha biyu. Nan take maganar wani masassaƙi na Kumasi ta faɗo mini, wadda na ji tun ina da baƙin gashi ban taɓa bukatarta ba. Inci ma gida biyu ne. Akwai tsohon tsarin Ingila, akwai na Amurka, wanda shi ya cika kasuwanninmu yanzu. A yawancin kauri adadin haƙoransu ɗaya ne, har mutum ya yi shekaru yana musanya su bai sani ba. A rabin inci ne suka raba hanya: na Amurka sha uku, na Ingila sha biyu. Haƙori ɗaya tak. Ramin lafiyarsa ƙalau, ba tsatsa, ba lalacewa, baƙi kawai muka yi ta kawo masa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ji kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka. Hajiya ta ce lafiya, na ce lafiya lau, ta kawo mini ruwa.

Sauran aikin daɗi ne, domin injina na Kumasi shi ma tsohon ɗan Ingila ne, sha biyu a inci yarensa ne. Na ɗauko wani notin tayar babbar mota mai ƙarfe mai kyau na fere shi zuwa rabin inci. Na wasa wuƙa a dutse, na ɗan matse bakinta fiye da yadda na saba, domin haƙorin Ingila ya fi na Amurka da na Faransa tsini kaɗan, kuma kansa a mulmule yake ba kaifi. Ban fara da ƙarfen ba, na gwada a guntun tagulla tukuna, ya shiga. Sannan na yanka na gaske, a hankali, kowane wucewa ɗan ɓawo kamar gashi. Ana kiran azahar na tsaya na yi salla, na dawo na ƙarasa. Sahabi ya iso yana tsaye a ƙofa, ya ƙi shigowa. Na miƙa masa notin na ce shi zai sa, kuma kada ya taɓa sifana. Ya sa da yatsu biyu. Ya juya, ya juya, yana jiran inda zai cije, notin yana ta tafiya kamar a cikin man shanu, har kansa ya zauna daram.

Ya ɗago ya ce, “Kawu, ya shige.”

Na ce, “Awo. Gidansa ne.”

Kafin la'asar muna gona. Muka mayar da kan, muka danne nozul, na sa wa notin wani ɗan ƙarfe mai hana shi kwancewa. Sahabi ya yi bisimilla ya juya hannu. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru kamar zai fasa, sai ya kama, tum, tum, tum, irin bugun nan nasa da ake ji tun daga hanya. Tiyo ya kumbura, ya yi motsi kamar maciji, ruwa ya ɓulɓulo a bakin lambatu. Na sha jin kiɗa a ƙasashe da yawa, ban taɓa jin wanda ya sanyaya mini rai kamar bugun injin nan ba. Ige ta tuɓe takalmi ta bi ruwan a ƙafa, yana gaba tana baya, daga fage zuwa fage, ƙasar da ta tsage tana shansa da ƙara kamar ana soya abu. Da ta kai tudu ta tsaya. Wannan ɓangaren ya riga ya tafi, ruwa ya zo masa a makare. Ba shi da yawa idan aka gwada da gonar duka, amma ba kaɗan ba ne ga mace mai marayu. Sauran kuwa kafin gari ya waye sau biyu ganyen ya warware ya koma kore.

Da aka matsa notin Saini, wataƙila da tudun ma ya tsira, wataƙila da an rasa injin da gonar duka. Allah ne masani, ni ban sani ba, kuma wanda ya ce muku ya sani yana faɗa ne kawai. Abin da na sani shi ne injin ya ci gaba da aiki shekaru bayan nan da notin a kansa. Ige kuwa ta daina shigowa gidan nan har aka yi yankan shinkafa, gaisuwa sai ta aike. Ban bi ta ba, domin tana da haƙƙin fushinta.

Bayan an sussuka, wata ranar kasuwa, sai ga amalanke a ƙofar gida, ita tana biye a ƙafa. Aka sauke buhun shinkafa cikakke. A kansa an ɗaura wani ɗan dami na kawunan shinkafa farare, marasa ƙwaya, irin na tudun nan, an ɗaure su tsaf da igiya kamar abin kirki. Ta shigo ta gaida Hajiya, ta miƙa mata sabon maburgi, ta nemi tabarma ta zauna, ta karɓi ruwa ta sha.

Na ce, “Ige, buhu na gani, na gode. Wanga damin fa?”

Ta ce, “Buhun na Yayana ne. Damin na injiniya ne. Kowa ya ɗauki nashi.”